Guɗar Inna Ranar Sadakar Uku

Jiya maƙwabta suka ɗaura aure. Ina shara na ji guɗa ta tsallako katanga, sai na tsaya da tsintsiya a hannu ina tuna Inna, uwar mijina.

Ita ce mai guɗar unguwarmu a Bungudu, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Ba a iya ɓoye mata damuwa. Haɓar mutum take kamawa, ta leƙa idonsa, ta ce, "Mi ya taɓa ka?" Da tsufa ya ci ƙarfin hankalinta, sunayenmu ba su ɓace mata ba. Abin da ke fuskokinmu ne ta daina ganewa.

Ranar sadakar uku ta mijina, tsakar gida cike da mata, ana rabon gumba. Inna ta fito ta dubi taron, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa. Ta tako ta kama haɓata, hannunta na ƙamshin man shanu, ta ce, "Amarya, bar kuka. Yaron nawa ba ya da faɗa, zai riƙe ki amana."

Ƙanwarta ta yunƙura za ta faɗa mata gaskiya, na riƙe mata zane. Na ce, "To, Inna."

Har yau ban sani ba, tausayinta na ji, ko hana ta kukan ɗanta na yi. Allah ya gafarta mata, ya sada ta da shi a gidan da guɗarta za ta faɗa daidai.