Hajo da bakin rijiyar da muka bari

Shekara goma sha biyu ke nan da muka rasa Hajo, ƙawata tun muna 'yan mata a ƙauyenmu, kusa da Korgom. Ban yi lakwal ba, wato boko, faɗa nike ana rubutawa, amma abin da na gani ba mai gyara mini shi.

A bakin rijiya, tulu in ya cika mace ba ta aza shi ita kaɗai, sai ta ce wa ta kusa, "Zo ki aza ni." Hajo ce mai aza kowa, kuma ba tulun take kallo ba, mutum take kallo. Wata shekara maigidana ya tafi ci-rani, rumbu ya ƙare, ni kuwa ban iya roƙo ba. Da ta aza mini, ta ji wuyana yana rawa.

Ta ce, "Me kuka ci jiya?"

Na ce, "Tuwo."

Ta ce, "Tuwon uban wa? Girman kan nan zai kashe ki."

Da hantsi sai ga ta da ƙwaryar hatsi, wai hannunta na ciwo, in daka mata. Ba ta dawo ɗauka ba.

Yau ina Tasawa, gidan ɗana. Ga pampo a tsakar gida, ga wutar kuran, ga ruwan sanyi. Ba zan yi wa Allah butulci ba: igiya ta ci tafin hannunmu, ruwan rijiyar nan kuma ya kai yaranmu kushewa. Da a ce Hajo ta ga pampon nan, da guɗa za ta fara yi. Sannan ta waiga ta ce, "To, ina matan?"

Da daminar bara wata tsohuwa ta rasu bayan katangarmu. Na daɗe ina jin tarinta, ban san fuskarta ba. Sai tabarmin zaman makoki na gani a ƙofar gidansu. A garinmu, mace in ba ta zo rijiya da safe ba, kafin rana ta take an leƙa ta. Abin da ke cin raina ke nan: ran da ban tashi ba, wa zai ji shirun, ban da waɗanda ya zame wa dole?

Ɗana ya ce, "Inna, me kika rasa?" Ci da sha duk ga su.

Abin da ya rage mini na Hajo bai fi ƙarfin halinta ba. Shi na ara, na fara bin ƙofofin ƙarfen unguwar ina bugawa. Wata ta buɗe ta ce, "Lafiya, Hajiya?" Na ce, "Gaisuwa ce." Ta tsaya tana jiran sauran maganar.

Allah ya jiƙan Hajo. Gobe ma zan buga, ko za su ce tsufa ya taɓa ni. Wataƙila ran da ba su ji bugun ba, ɗaya ta yafa mayafi ta fito.