Gwangwanin Ashanar Iya

Ina tsakar gida ina kwashe shanya, don na ga gabas ta fara duhu, sai ɗiyata ta miƙo mini waya ta ce kawunta ne. Autanmu ne ke kira daga Ƙanƙara. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Iya ta cika bayan azahar." Na yi salati, na nemi kan turmi na zauna da zannuwan a hannuna. Ina jin nauyin faɗa, amma abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ƙunshin ashana da ke cikin jakata. Sati uku ke nan da na saye shi, ban kai mata ba.

Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu. Daga wani ƙauye kusa da 'Yargoje aka kawo ta Ƙanƙara tun tana yarinya, kuma a ɗakin da aka fara sauke ta, a nan ta rasu. Soro ne na ƙasa, mai azara, da ƙaramar taga ɗaya wadda ko kan yaro ba ya shiga. Shekarar da aka jawo wutar lantarki unguwarmu, Baba ya buga wa sauran ɗakunan gidan kwano, ya kuma so ya rushe nata soron ya yi mata irin na kowa. Ta ƙi. Ta yarda dai aka sa mata ƙwan lantarki guda ɗaya, shi ma ta fi rataya carbinta a jikin makunninsa.

Idan kai ɗan wajenmu ne, ka san yadda ƙarshen bazara yake. Zafi ya kai inda ya kai, rijiyoyi sun ja ƙasa, kowa na duban gabas. Ruwan farko kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, iska ce ke yi masa jagora, kuma wata shekarar ta wuce lafiya, wata shekarar ta tafi da rufin mutane. To a daidai wannan lokacin Iya ke fara abin da take kira shirin hadari. Tana da tsohuwar adaka ta ƙarfe da ta ɗora kan duwatsu huɗu a ƙuryar ɗaki don kada danshi ya taɓa ta. Sai ta fito da ita tsakar gida, ta zazzage, ta shanya ta wuni guda a rana. Daga nan ta fara cikawa. Garin gero da na dawa da ta sa aka niƙa aka shanya har ya bushe ƙarau, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, gishiri da kanwa, kowanne a ƙullinsa. Kananzir a kwalba mai murfi, an naɗe bakin da tsumma. Fitilar ƙwai da sabon lagwani. Igiya mai kauri. Tsofaffin zannuwa biyu wankakku da ba ta bari a ɗaura. Itace kuma ba a adaka yake ba. Damma uku na busassun ƙirare take ɗaurewa a rataye mata su sama, jikin azara, inda ko ruwa ya shigo ɗakin ba zai kai gare su ba. Randunanta biyu ba sa sauka daga cike tun daga ranar.

A saman komai take ɗora gwangwanin ashana. Tsohon gwangwanin madara ne mai murfi mai kamawa. Kafin ta saka, sai ta zaro tsinke ɗaya daga kowane kwali ta kyasta. Wanda ya kama nan take ya shiga gwangwani, wanda ya yi gardama ta tura shi madafi.

Dokarta ɗaya ce: ba mai taɓa adakar nan daga ranar da ta rufe ta sai an shiga kaka. Idan gero ya shigo gida lafiya, ta buɗe ta raba mana ƙuli-ƙulin, wanda a lokacin ya yi tauri har sai an jiƙa. Mu jikoki muna jiran wannan rana kamar salla. Baba kuwa yakan tsokane ta, ya ce Iya yanzu fa zamani ya canza, ga wuta, ga injin niƙa a bakin titi, ga famfo. Ita dai sai ta ce masa to, Allah ya bar mana su, ta ci gaba da ƙullinta.

Ina da shekara tara ko goma na karya dokar. Ni da ƙawayena muna son mu yi girkin wasa na gaske a bayan gida, da 'yar tukunya da wake tafi guda. Innarmu na da tsohon ciki, kuma idonta na kan ashanar madafi. Na faki Iya ta tafi barka maƙwabta, na shiga soro na buɗe adaka. Kwali uku ne a gwangwanin. Na ɗauki ɗaya, iska ta cinye mana shi tsinke bayan tsinke. Washegari na koma na ɗauki na biyu. Na uku kuwa wata ƙawata ce ta tafi da shi gidansu, ta ce za ta dawo da shi, ba ta dawo da shi ba. Na mayar da murfin na danne, na ce a raina kafin kaka zan san yadda na yi.

Bayan kamar kwana goma Inna ta haihu, namiji, shi ne autan da ya kira ni a waya. Yana da kwana huɗu hadarin ya zo. Bayan la'asar ne. Gabas ta yi baƙi, kaji suka shige akurki da kansu, sai wata iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen darbejiyar ƙofar gida. Kafin a gama kwashe kayan tsakar gida ta rikiɗe. Ban taɓa jin ƙara irin ta kwano idan iska na ɓamɓarar sa ba. Muna kallo rufin ɗakin Inna ya ɗaga gefe guda, ya koma, ya sake ɗagawa, sannan ya tashi gaba ɗaya ya faɗa gonar bayan gida. Na madafi ya bi shi. Ruwa ya sauko a kan mai jego da jaririnta.

Baba ne ya rungumo jaririn a cikin rigarsa, goggonmu ta riƙo Inna, duk muka ɗuru a soron Iya, mu wajen goma sha biyar. Wuta ta ɗauke tun farkon iskar. Ɗakin ya yi duhu, ko da yake rana ba ta faɗi ba. Iya ta buɗe adaka ta fito da zannuwan nan biyu, ta cire wa jaririn jiƙaƙƙun kaya ta naɗe shi a ɗaya, ta ba Inna ɗaya. Da farko yana ta tsala kuka. Can sai kukan ya ragu, ya koma wani ɗan ƙugi, sannan ya yi shiru. Iya ta kai shi bakin taga ta duba leɓensa, ta taɓa tafin ƙafarsa. Ta ce da Baba ya sauko da dami ɗaya, yaron nan wuta yake so yanzu-yanzu. Goggo ta ce ashanar madafi ta zama kunu, ta gan ta tana yawo a ruwa, murhu ma ya cika.

Ina tsaye a jikin bango na ga Iya ta ɗauko gwangwanin. Tun kafin ta buɗe ta girgiza shi, ba ta ji komai ba. Ta buɗe duk da haka, ta sa yatsa ta shafa ciki. Ta ɗago ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mu jikoki, har ta zo kaina ta tsaya. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ni dai na tabbata a raina cewa idan yaron nan ya mutu ni na kashe shi.

Ta mayar da murfin, ta yafa buhu a ka, ta fita cikin ruwan. Baba na kiranta, ba ta waiwayo ba. Ba ta daɗe ba ta dawo, jikinta sharkaf, hannunta ɗaya a dunƙule cikin hammata. Ta zaro 'yar kwalba irin ta maganin tari, da tsinkayen ashana a ciki da ɓallin kwalin da ake kyastawa. Tsinke na farko ya kama. Aka hura ƙirare a kasko, aka kunna fitila. Ta zauna ta miƙe ƙafa, tana gasa tafin hannunta a wuta tana dafa wa jaririn a ƙirji da baya da ƙafafu, tana yi tana salati a hankali. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san ana kiran magariba a masallacin da ya rage da rufi ya saki kuka mai ƙarfi, Inna ma ta fashe da nata.

Washegari muka ga ɓarnar. Turakun lantarki sun kwanta tun daga bakin titi har unguwarmu, kuma wutar ba ta dawo ba sai da aka yi fiye da wata. Injin niƙa ya tsaya, famfo ya ƙafe, rijiyarmu ta cika da jan ruwa da shara. Randunan Iya muka sha har rijiya ta kwanta. Garinta aka tuƙa. Ƙirarenta ne suka dafa ruwan wankan jego da kunun kanwa na kwana uku, kafin itacen waje ya sha iska. Da igiyarta aka ɗaure kwanon da aka tsinto kafin a samu mai gyara. Matan maƙwabta suna ta shigowa da kasko ɗibar garwashi, ba wadda ta mayar. Baba bai sake tsokanarta ba. Da bazara ta zagayo, shi da kansa ya sayo mata kananzir daga kasuwar 'Yankara tun ba ta tambaya ba.

Ni kuwa kwana biyu ina jiran duka. A rana ta uku ta kira ni ɗaki, ta ce in rufo ƙofa. Na fara kuka tun ba ta yi magana ba. Ta ce, "Mi kika dahwa da ita?" Na ce wake. Ta tambaya ko ya nuna, na ce bai nuna ba. Ta yi 'yar dariya ta ce kwali uku, wake bai nuna ba, lallai mijina zai sha wuya. Da na samu bakin magana na tambaye ta inda ta samo waccan ta kwalba. Ta ce, "Ƙawata, jikoki goma sha ɗaya gare ni a gidan nan. Kina zaton wuri ɗaya zan aje ashana?" Sannan ta miƙo mini gwangwanin ta ce daga yau cika shi aikina ne, duk shekara, kuma ni zan riƙa kyastawa a gabanta. Ba ta taɓa gaya wa Baba ba, har ya rasu bai sani ba. Autanmu ma bai sani ba.

Haka muka yi shekara da shekaru. Aure ya kai ni Sabuwa, amma duk ƙarshen bazara sai na je da ashanata. Mu zauna a bakin soro, in kyasta, ita kuma ta ce wannan ya yi, wannan tura shi madafi. Daga baya na riƙa haɗa mata da tocila mai cajin rana da ƙaramar rediyo da batir. Ta karɓa ta sa albarka ta jera su a adaka, sannan ta ce to ina ashanar. A gidana ma na yi tawa adakar, ko da yake tawa ta roba ce. Yarana suna mini dariya kamar yadda Baba ya yi mata, sai shekarar da muka yi sati uku ba wuta suka daina.

Duk zuwan da na yi sai na tambaye ta wuri na biyun nan, ta ce ban isa ba tukuna. Bara ne, da ta ga ƙafa ta fara gagararta, ta ce idan na kawo ta bana za ta kama hannuna ta nuna mini, don kada abin ya tafi da ita. Bana kuwa kowa ya san yadda hanyarmu ta zama saboda rashin tsaro. Na sayi ashanar da wuri, maigidana ya ce in dakata a ji labarin hanya, na dakata. Sati ya zama biyu, ya zama uku.

Ban samu jana'iza ba, sai washegari na isa. Bayan an ɗan watse, matar autanmu ta kai ni soron. Ta ce Iya ta sa an yi komai tun kwana goma da suka wuce, tana zaune tana nuni da sanda. Na ɗaga kai na ga damma uku a jikin azara. Randuna a cike. Na buɗe adaka, ƙuli-ƙuli sabo, fitila da sabon lagwani, zannuwa biyu a ninke. Gwangwanin na sama, an wanke shi an goge, murfinsa a gefe. Ta ce Iya ta hana a saka komai a ciki, ta ce mai shi na nan tafe.

Na zauna na kyasta tsinke ɗaya daga kowane kwali, duk suka kama, na jera su na danne murfin. Da yamma na ce da autanmu ya taya ni neman wata 'yar kwalba. Ya tambaye ni ta mece ce, na ce zan gaya masa, ban gaya masa ba tukuna. Mun duba rumbu, mun duba zaure da bayan akurki da ramukan katanga. Na dawo Sabuwa ran sadakar bakwai. An riga an yi ruwan farko, kuma har yau ba mu gano inda take ajiye ta biyun ba.