Kwal a ƙarƙashin gadon jegona

Salamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan dandali. Kun saba ganina da addu'ar Juma'a kawai. Yau kam magana zan yi, wadda na riƙe fiye da shekara sittin. Ku yi haƙuri da ni, da yatsa ɗaya nake danna wayar nan.

Shekara biyu ko uku kafin 'yancin kai na yi haihuwar fari, a Fagge, cikin damina. Namiji ne.

A zamaninmu mai jego ba ta da ta cewa. Wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa, sannan ki hau gadon ƙasa a sa garwashi a ƙarƙashinsa ki gasu. Uwar mijina, Inna Yagana, ita ke kula da ni. Allah Ya ji ƙanta, ta so ni kamar ita ta haife ni.

To ruwa ya hana itace bushewa. Maigidana kuwa leburan reluwe ne, sai ya riƙa tsinto mana kwal, baƙin dutsen nan da jirgin ƙasa ke ci, wanda ke zubewa a gefen dogo. Inna ta gwada, ta ga ya fi gawayi daɗewa, ta yi ta sa masa albarka.

Ta zuba shi a ƙarƙashin gadona, ta toshe taga da tsumma, ta saki asabari, wai kada sanyi ya shige ni.

Wari ne ya fara damuna, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Sai ciwon kai. Sai tari, kakin baƙi ƙirin. Jaririn ma ya koma barci kawai, nonon ma sai an tashe shi.

Wace ni in ce wutar Inna ta yi mini yawa? A ce yarinyar nan raguwa ce?

Da tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Inna ta ce, "Sanyi ne ya kama ki, 'yar nan. Bari a ƙara wuta." Aka ƙara!

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, na miƙe zan fita wanka. Ban san sanda na faɗi ba. A wani asibiti na farka, can wajen Sabon Gari.

Likita ya ɗora abin sauraronsa a bayana, ya ɓata fuska. Aka ba ni gwangwani in tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirjina. Suna zargin tarin fuka. Aka ce kafin sakamako ya fito kada in taɓa yaron, aka mayar da shi gida wajen wata ƙanwar maigidana mai shayarwa.

Wallahi allurar safe da yamma ba ta dame ni ba. Nonona ya cika yana zuba, ɗana yana wani wuri, ban san ko yana numfashi ba. Ga kunyar ɗan fari: ba na iya kiran sunansa, balle in tambayi Inna yaya yake. Sai in juya fuska bango in yi ta kuka. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka ba zan sake riƙe shi ba.

Akwai wata nas 'yar Inugu, Hausarta a karye amma zuciyarta lafiya lau. Tana canza mini zane sai ta shinshina shi, ta tsaya cak.

"Hajiya ƙarama, me kuke ƙonawa a ɗaki?"

Na ce kwal.

Ta dafe kai. "Kwal? Ƙofa rufe? A garinmu ake haƙo shi, ko mahaukaci ba ya kwana da shi!"

Ta je ta kira likita da gudu. Ranar da sakamako ya fito ya ce ba tarin fuka ba ne, hayaƙi ne ya ƙone mini ƙirji. Ya ce da maigidana, ta bakin nas ɗin, "Da ta ƙara kwana biyu a ɗakin nan, da gawa biyu za ka ɗauka."

Maigidana, bawan Allah, ya zauna a ƙasa daɓas. Kekensa ya sayar ya biya magani, bai taɓa yi mini gori ba.

Sati uku na yi a kwance. Sannu a hankali kakin ya yi fari, na fara kaiwa bakin baranda ba tare da haki ba.

Ranar sallama Inna ta zo da yaron a goye. Ashe tuni can gida ita da kanta ta kwashe kwal ɗin ta zubar, ta ɓalle tagar. Ta kunto yaron tana cewa, "Ki yafe ni, 'yar nan, gata na so in yi miki."

Ni ban ma ji ƙarshen maganar ba. Gaban surukata, gaban maigida, gaban kowa, na fizge ɗana na rungume, na kira sunansa da ƙarfi. Ya yi nauyi! Ya buɗe baki ya callara kuka, ƙarar da ban taɓa jin mai daɗinta ba. Inna ta yi dariya da hawaye ta ce, "Yau kunya ta tafi hutu."

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa nas ɗin nan, ko sunanta ban riƙe ba. Har yau in hadari ya taso ƙirjina kan yi ƙugi, amma ga ni, ga ɗan nawa, har ya yi furfura.

Yanzu babu jirgin kwal, amma ga janareto a soro, ga risho da gawayi a ɗaki a rufe. Don Allah ku fitar da inji waje, nesa da taga. Ku bar wa mai jego da jariri iska. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ku fita tukuna, sannan ku nemi asibiti.

Ke kuma 'yata, in kin ji abu ya dame ki, buɗe baki ki faɗa, ko gaban wa. Ni tun ranar farko na ji warin nan.