Ɗan farin da ban ƙidaya ba

Shekarar da 'yan jami'a suka zo Gure daga Damagaram suna binciken amosanin jini, wata yarinya mai farar riga ta zauna a tabarmata, takarda a hannu. Ta ce, "Inna, 'ya'yanki nawa?"

Na ce shida. Bakwai ne fa, amma mace irina ba ta ƙidaya ɗan fari a gaban baƙi, balle ta kama sunansa. Haka muka taras.

Sai suka bi gidajen shidan nan suna ɗibar jinin jikokina. Gidan babban ba su taka ba, ga shi kuwa autarsa ce ke birgima da ciwon ƙashi duk lokacin ɗari. Kwana biyu abin yana cina a rai. Da na ji motarsu za ta juya, na yafa zane na fita na tare motar.

Yarinyar ta ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "'Yar nan, akwai wani."

"Sunansa?"

Na dubi ƙasa na faɗa, yadda ban taɓa ba tun ranar sunansa. Ta rubuta, ta ce wa mai tuƙi ya kashe mota, akwai sauran gida ɗaya.