Garkuwar da Aka Rataye a Kife

Tun ina yaro nake jin ana cewa jerin kakannin gidanmu ba ya shiga kunnen mace, ba ya kuma hawa takarda. Mahaifina ya faɗa, ƙannensa sun faɗa, har yayata, wadda dokar ta fi shafa, ita ma ta faɗa da bakinta. Sun ce ba a taɓa yi ba, ba kuwa za a yi ba, domin bakin da ya jera wa mace sunayen nan sai ya karkace. Mu gidan Sarkin Noma ne a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Idan an gama girbi, uba yakan kira ɗansa bakin rumbu, ya jero masa kakanni ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kirarinsa da dajin da ya share ya mai da gona. Ko bayan da mahaifina ya karɓi addinin Kirista ya bar tsafin gida, wannan abu guda bai bari ba. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, ni aka ba.

Na yi makarantar mishan a zamanin da ake duba farce da wuyan riga kafin a shiga aji. Na koyar, na riƙe makaranta har na yi ritaya, kuma na daɗe ina ɗaukar kaina mutumin da zancen tsofaffi ba ya girgiza shi. Allah bai ba ni ɗa namiji ba, 'ya ɗaya ya ba ni. Da mahaifiyarta ta rasu, ta ɗauko ni ta kawo ni gidanta a unguwar Sedgefield, nan birnin Greensboro na ƙasar Amurka, inda take zaune da mijinta, wani Bature mai ladabi wanda kakanninsa manoma ne da suka zo daga Jamus tun da daɗewa.

Wata Asabar da rana muka je gaishe da mahaifin mijin nata a garin McLeansville. Dattijo ne sa'ana, tsohon kafinta, yana zaune shi kaɗai a wani gidan katako da gonaki suka kewaye. A bangon falonsa na ga garkuwa ta katako da ya sassaƙa da hannunsa, da zanen hasumiya da kifi a jikinta, amma an rataye ta a kife, kai ƙasa. Na zaci kuskure ne, har na miƙa hannu zan gyara masa. Ya riƙe mini hannu yana dariya.

"Bar ta haka, surukina," in ji shi. "Masu ita sun ƙare."

Ya zaunar da ni ya ba ni labarin da ya ji daga kakarsa. Ya ce shekaru ɗaruruwa da suka wuce, sarkin sarakunan Jamusawa ya ba wani jarumi tsaron mashigin wani kogi. Jarumin ya gina hasumiya a kan dutse, 'ya'yansa suka ƙara mata ganuwa, jikokinsa suka zama hakimai masu karɓar fito daga kowane jirgi da ya wuce. Daga baya 'yan'uwa biyu suka raba ƙasar, babban ya zauna a kan dutse, ƙaramin ya sauka kwari. Don gudun a sake rabawa, sai suka riƙa tura ƙananan 'ya'ya maza su zama limaman coci waɗanda ba sa aure. Dabarar ta kiyaye ƙasa, amma ta cinye zuriya. Reshen kwari ya bushe, yaƙi ya ɗauke wasu, annoba ta ɗauke wasu, har aka wayi gari hakimi ɗaya ya rage, shi kuma 'ya'yansa duk mata ne.

"Ranar da aka binne shi," in ji dattijon, "sankira ya tsaya a bakin kabari, ya ɗaga garkuwar gidan, ya kira sunansu da ƙarfi, ya shaida wa jama'a cewa daga yau babu su. Sannan ya karya ta, ya jefa a kan gawar. Haka al'adarsu take idan namiji na ƙarshe ya mutu."

Na tambaye shi ta yaya labarin ya iso gare shi, tun da an ce sun ƙare.

"Ta mata mana! 'Yar hakimin ta faɗa wa 'yarta, ita ma ta faɗa wa tata. Ko gaskiya ne jininsu ne a jikina, ko kakata ce ta ƙara gishiri, Allah masani. Amma da ba don su ba, da yau ba ni da abin da zan cika ka da surutu a kansa."

Suka yi dariya shi da ɗansa. Ni ban yi ba. Idona na kan garkuwar, domin na gane cewa mutumin da aka binne ɗin nan, ni ne. A mota muna komawa, ina kallon ƙeyar 'yata tana tuƙi, sai zuciyata ta raya mini abin da ba ta taɓa raya mini ba: me zai hana in faɗa mata? Ban furta ba. Tunani kawai na yi.

Bayan 'yan kwanaki na shiga wani shagon kayan miya a titin Gate City Boulevard, na wata Hajiya mutuniyar Nijar wadda muka saba. Na je zan ce ta ba ni kuka da daddawa. Ina ganin kukar a kan kanta, na san ta sarai, amma sunanta ya ƙi zuwa. Na buɗe baki, wani sauti ya fito wanda ba nawa ba.

"Baba Malam, lafiya?" Hajiya ta ce. Ta ƙura mini ido, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Baba, zauna, bakinka ya karkace!"

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. A cikin motar asibiti ba mutuwa nake tunani ba, muryar mahaifina nake ji a bakin rumbu. Kafin la'asar bakina ya koma daidai, magana ta dawo. Likita ta ce ɗan gudan jini ne ya toshe wata jijiya a kaina sannan ya wuce, ta ce gargaɗi ne, wani na iya biyowa wanda ya fi shi, kuma idan ya zo ba lalle magana ta dawo ba. Da ta fita na rufe ido na soma jera kakannina a zuci. Na zo tsakiya na tarar da rami. Wanda ya ƙetare kogi da gidanmu ya kafa sabon mazauni, na tuna kirarinsa, sunansa kuwa babu. Sai da na kwana biyu a gida, ina aske gemu, sannan ya faɗo mini.

Daga nan tsoro ya zame mini biyu. Idan na faɗa, ga abin da tunani kaɗai ya jawo. Idan na yi shiru, wata safiya zan tashi da sunayen a kulle a kaina babu harshen fito da su. Ilimina ya gaya mini hawan jini ne da tsufa, na kuwa yarda, amma duk sa'ad da na wuce madubi sai na duba gefen bakina.

Na kira yayata a ƙauye na gaya mata kome.

"To, ɗan boko," ta ce, "yau ka ga abin da ake gaya maka? Da kai ne mai cewa camfi ne."

"Yaya, idan na mutu da su fa?"

"Sai a binne ka da su. Kai ne na farko da aka binne da kayansa?"

"Gidanmu ke nan ya ƙare."

Sannan ta ce, "Ranar da Baba ya kira ka bakin rumbu, ni aka aika rafi ɗebo ruwa, alhali randunanmu a cike suke. Na tsufa ina share gindin rumbun nan, ban san sunan kakan kakana ba, ban kuma mutu ba. Ita 'yar taka ta fi ni ne?"

Muka yi sallama a sanyaye. Kashegari ta sa aka kira ni.

"Na san taurin kanka, sai ka yi," ta ce. "Ranar da za ka yi, ka buga mini. Ba saurare zan yi ba, addu'a zan yi maka, kada bakin ya tafi gaba ɗaya."

Na zaɓi safiya, lokacin da kaina ya fi zama garau. Na kira 'yata ɗakin cin abinci, na ce ta ajiye biro da ta ɗauko, ta kawar da tunanin ɗaukar murya. Na buga wa Yaya, na ajiye wayar a kan tebur.

"Baba, har yanzu ba ka murmure ba," 'yata ta ce. "Mu bari sai ka ƙara jin sauƙi."

"Sauƙin da nake da shi ke nan, uwata. Ki kalli bakina. Idan kika ga ya motsa gefe, kada ki tsayar da ni, ki bar ni in kai inda zan iya kaiwa."

Na soma. Ina faɗa tana maimaitawa, harshenta na tuntuɓe a kan kirari, ina gyara mata kamar yadda aka gyara mini. Bayan kowane suna ina jiran in ji fuskata ta yi nauyi. Da na zo kan wanda ya ƙetare kogi, muryar Yaya ta fito daga wayar, a tsawace.

"Kai, ɗaga murya! Maimaita wannan, ban ji ba."

Na maimaita. Na kai ƙarshe, na rufe da sunan mahaifina da nawa. 'Yata ta sake jerowa daga farko ita kaɗai, ta yi kuskure a wuri ɗaya, kafin in buɗe baki yayata, wadda ashe tun farko take saurare, ta gyara mata.

Har yau ina shan magunguna, gargaɗin likita yana nan, kuma ban daina duba madubi ba. Sunayen ba za su shiga wannan takarda ba, wannan ɓangare na dokar na bar shi yadda na same shi. Ranar kaɗai nake so a rubuta, domin waɗanda za su karɓa daga bakin 'yata su san inda jerin ya juya: Asabar ce, jajiberin Ista, a shekarar da na cika tamanin da haihuwa.