Kunnuwan Jitar Malam

Ni dai a aji huɗu na yi sallama da boko, amma shekarar da fari ya hana mu noma na gudanar da bincike mai zurfi, irin wanda har yau jami'a ba ta kai gare shi ba. A kan jitar mutane na yi shi.

Mai jitar malamin firamare ne da ke haya a shagon gidanmu a Sabon Birni. Da za shi garinsu dogon hutu, ya miƙo mani ita amana. Ya ce in kaɗa in na so, amma kada in taɓa 'yan kunnuwan nan shida masu jan tsirkiya, don saitinsu ba aikin kowa ba ne. Na ce ko da wasa ba za ni taɓa ba.

Sau uku munka yi shuka, sau uku ta ƙone. Hadari ya taso daga gabas, mu fito muna kallo, iska ta watsa shi. In je gona in dawo, in je gulbi in ga rairayi in dawo, zama ya gagara. Kwana na tara hannuna ya kai ga kunne. Amma da yake ni mai ilimi ne, sai da na ɗauko alli na shata layi a kan kowane, don in na gama in maida su inda suke.

Na sassauta tsirkiya mai kaurin har ta yi gurnani kamar raƙumin da anka ɗora ma kaya. Na ɗaure siririyar ta koma kukan sauro. Haka na yi ta yi, ina bin muryar gurmi da ke kaina, har ranar da na share duka shida da babban yatsa, ban danne ko ɗaya ba, sunka yi magana baki guda. In na shimfiɗa yatsa a gicciye na sauko da shi, sai wata murya ta fito, ƙanwar ta farko. Innata tana tankaɗen dusa ta leƙo, ta ce wanga ya fi hayaniyar da nake damunsu da ita. Ita kuwa ko damina ba ta yabo.

Da hutu ya zo ƙarshe na maida kowane kunne kan layinshi. Na kaɗa, kamar an yi ɓarin kwanoni. Ashe kunne zagayawa yake yi: ko sau ɗaya ka murɗa ko sau uku, layi zai dawo wurinshi. Ni ban ƙirga ba.

Kwana biyu ina murɗe-murɗe, gumi na ɗiga a kan katako. Na uku na naɗe jitar a zane na shiga motar garin Isa, wurin wani tsoho mai gurmi. Ya ƙirga tsirkiyoyin, ya tambaye ni aikin me sauran huɗun ke yi, tun da biyu sun ishe shi cin abinci shekara da shekaru. Na roƙe shi ya maido saitin Malam. Ya ce abin da kunnenshi bai taɓa ji ba, ina zai samo shi? Ya murɗa nan ya murɗa can, ya maida ta kan muryata ta gurmi, har ta fi da daɗi. Na dawo gida da jita mai zaƙin murya, kuma ba ita anka ba ni ba.

Malam ya sauka ranar kasuwa. Ko ruwa bai sha ba ya karɓe ta, ya jera yatsunshi yadda ya saba, ya kaɗa. Fuskarshi ta yamutse. Ya juya ta, ya ga alli.

Na ce, "Malam, don Allah share tsirkiyoyin da yatsa haka nan, kada ka danne komai."

Ya share. Ya sake sharewa.

Ya ce, "Da daɗi. Amma ba tawa ba ce."

Kafin mutum ya gama alwala ya maida saitinshi, ina tsaye ina jin muryata tana fita tsirkiya bayan tsirkiya. Hutu na gaba sai ya ba wani tela ajiyarta, mutumin da ko tafi bai iya ba.