Fakon Kan Gangare

Shekaranjiya wata tsohuwar bas ta mace a ƙofar gidana. Ina tsakar gida na ji direba yana cewa a tura, a tura, sai kuma wannan tarin da inji kan yi kafin ya kama. Wallahi sai da na ajiye tsintsiya. Na san tarin nan tun ina 'yar shekara tara a ƙauyenmu da ke gefen titin Gezawa, kuma shi ne ya rufa wa gidanmu asiri.

Shekarun matsi ne. Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama, taki ya gagari talaka. Gonarmu kuwa kamar tafin hannu take, don a wajenmu gona jingine take da gona, ba inda za ka ƙara ko taku ɗaya. Babanmu ya ga noma kaɗai ba zai riƙe mu ba, sai ya yanke shawarar sayar da shanun huɗarsa biyu, ya sayi fili a bakin titi ya gina shago. Ka ga ke nan in filin bai yi albarka ba, mun tashi ba shanu, ba shago.

A lokacin an ce za a kafa tasha a wani shimfiɗaɗɗen wuri kusa da kasuwa. Kowa ya yi can. Baffana, yayan babanmu, har ya riga ya saya, ya kuma kama wa ƙaninsa na kusa da shi.

Kakata ce ta ɓata lissafin. Daddawa take kaiwa birni, ni nake ɗaukar mata kwando zuwa bakin titi. Ta ce wa babanmu, "Kada ka saya a can. Sayi fakon kan gangare."

Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Inna, fakon da ko tumfafiya ta ƙi fitowa?"

"Ni ban san takarda ba," in ji ta. "Amma tun da aka shiga wannan hali ban ga direban da ya kashe mota a shimfiɗe ba."

Gaskiya ta faɗa. Batir ya yi tsada, mai ya yi wuya. Direba ba zai bar inji yana ci yana jiran fasinja ba, in kuma ya kashe, sai da turi. Saboda haka a kan gangare suke tsayawa, a sa dutse a gaban taya. In mota ta cika a zare dutsen, ta gangara, ta yi tari, ta kama. Babanmu ya je ya zauna a wurin ranar kasuwa uku yana kallo, sannan ya sayi fakon.

Ranar da aka ja shanun nan daga turke na yi kuka kamar an yi mutuwa. Gari ya sa wa babanmu suna mai gonar tsakuwa. Can kuma sai ga rumfar tasha ta tashi, da kwano sabo fil, motoci suka koma can suna tsayawa. Mu kuwa muna kan gangare da shagon ƙasa, sai ƙadangaru. Babanmu ya rage cin abinci. Na sha ganinsa tsaye a turken da ba komai. Haushin Kakata ya kama ni, har na ƙi ɗaukar mata kwando. Ta ɗora abinta a ka.

Ba a yi wata guda ba, wata ranar kasuwa, akori-kura maƙare da buhunan gero ta ƙi tashi a sabuwar tasha. Fasinjoji suka sauko turi, har da Baffa cikin babbar rigarsa. Suka tura, suka tura, a banza, sai da suka kawo ta ƙofar shagonmu suna haki, ta gangara ta kama. Daga ranar direbobi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, fasinja kuwa inda mota take can yake bi. Kafin kaka, mahaifiyata na suyar ƙosai a wurin, mai faci ya roƙi kusurwa, mai shayi ma ya kafa tebur.

Ban manta yammacin da babanmu ya shigo gida da sabon bijimi a igiya ba. Ya ɗaure shi, ya zauna a ƙasa ya yi ta hamdala. Ni kaina sai a ranar na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Ya ce, "Inna, kin fi mu gani."

Ta ce, "Hankali ke gani, ɗan nan, ido gululu ne. Ku rumfa kuka kalla, ni direba na kalla."

Baffa ma daga baya babanmu ya yanka masa wuri a gefen fakon.

Yanzu motoci da makulli suke tashi, gangaren ma an baje shi da aka sake titi, amma har gobe nan ake tsayawa. Bara ɗana ya zo min da zanen wani fili a wayarsa, yana nuna min inda aka ce hanya za ta bi. Na ce ya je ya wuni a wurin, ya ga inda mota ke tsayawa yau. Ya yi dariya irin ta Baffa sak. Amma dai ya je.